Waken da Ba Ya Iya Ihu

Akwai wata ɗaliba a ajin ƙarshe na jami'a, tana karantar aikin gona, wadda har malamanta sun manta ainihin sunanta. Ba-Matsala kowa yake kiranta, kuma ita ta jawo wa kanta. Kana cewa ga wani aiki, kafin ka rufe baki ta ce, "Ba matsala."

Ita ce wakiliyar aji. Ita ce sakatariyar ƙungiyar ɗaliban sashensu. Aikin rukuni in an raba shi gida biyar, huɗu a kanta suke ƙarewa, na biyar ɗin ma sai ta bi ta gyara. Wanda kwamfutarsa ta ƙi tashi, ita zai nema. Wanda ya yi barci a aji, littafinta zai kwafa.

Kada ku ɗauka tilasta mata ake yi. Ina! Daɗin abin take ji. Da zarar ta ji an ce, "Ba don Ba-Matsala ba ai da mun shiga uku," sai kanta ya kumbura, ta ƙara ɗaukar wani kayan.

To, a wannan shekarar aka ba ta aikin binciken kammala karatu. Wake ne a robobi sittin, a gidan renon tsirrai da ke bayan sashen, za ta gwada taki iri uku a kansu. Kullum ƙarfe bakwai na safe ta ba su ruwa da ma'auni, ta auna tsayinsu da rula, ta ƙirga ganye, ta rubuta a littafi. Kwana arba'in da biyu, ba fashi. In babu wannan littafin, babu kammala karatu a bana.

Sati biyun farko komai ya tafi daidai. A sati na uku ƙungiya ta fara shirin wata ziyara, wayar Ba-Matsala ta koma kamar tukunyar da ke tafasa. Ranar Litinin ta ce bari ta fara kai wasiƙa ofis, wake ba zai gudu ba. Talata aka tare ta da aikin rukuni. Laraba da Alhamis ko tunawa ba ta yi ba.

Ranar Juma'a ta tura ƙofar gidan renon, zafi ya bugi fuskarta. Ƙasar robobin ta bushe ta tsage. Fiye da rabin waken sun kwanta, ganyen ya yi ruwan ƙasa, in ta taɓa sai ya marmashe a hannunta. Ta zauna a kan buhun taki ta yi kuka mai isarta.

Malamin da ke duba aikinta dattijo ne mai magana ƙasa-ƙasa. Bai yi mata faɗa ba, kuma hakan ya fi faɗan ciwo. Kalanda kawai ya jawo.

"Saura kwana arba'in da tara a miƙa rahoto," ya ce. "In kin sake shuka ranar Litinin, za ki gama awo, ki samu kwana huɗu na haɗa rubutu. In kika ƙara fashin kwana ɗaya, sai baɗi."

Tana fitowa ta ci karo da shugaban ƙungiya, wanda kowa ke kira Shugaba. Da ya ji labarin, dariya ya yi.

"Ke ma dai da wahalar da kai. Lambobi ne fa. Ki dubi na sati biyun farko, ki riƙa ƙara musu kaɗan-kaɗan har kwana arba'in da biyu. Ni ma haka na yi da masarata. Wa zai je ya tambayi wake?"

Gaskiya maganar ta ɗan shiga ranta, don ta gaji. Kwana biyu ke nan kanta na sarawa, ƙirjinta na bugawa.

Da safiyar Asabar ta tafi wurin yayarta, wadda ma'aikaciyar jinya ce a sashen gaggawa na wani asibiti. Yaya ta dube ta sama da ƙasa, ta nuna mata benci.

"Zauna can, ƙanwata. Zan zo."

Ta zauna, ranta a ɓace, don ba ta saba jira ba. Kusa da ita wani mutum ne ya naɗe babban yatsansa da hankici, yana ta faɗa. Ya ce awarsa guda a nan, ya ce ba a san ko shi wane ne ba, ya ce sai ya ga shugaban asibitin. A can ƙarshen bencin kuma wata tsohuwa ce ta jingina kanta da bango, ko tari ba ta yi.

Yaya ta fito, ta ɗaga hankicin mutumin ta duba, ta ce ya ci gaba da dannewa. Ta wuce wurin tsohuwar, ta durƙusa, ta riƙe wuyan hannunta. Nan take ta miƙe ta kira a kawo gado, aka shige da tsohuwar da gudu.

Sai wajen azahar Yaya ta samu sarari. Ta ja ƙanwarta ɗakin hutun ma'aikata, ta auna jininta, ta duba idonta.

"Ba wani ciwo. Yunwa ce da gajiya da rashin barci. Me ke faruwa?"

Ba-Matsala ta kwashe komai ta faɗa mata, har da shawarar Shugaba. Sannan ta ce, "Yaya, me ya sa kika bar mutumin nan yana ta ihu, kika tafi wurin wadda ba ta ce komai ba?"

"Duk wanda ke da ƙarfin zagina, numfashinsa lafiya lau," in ji Yaya. "Wanda ya yi shiru nake tsoro. A nan ba ma bin wanda ya fi ɗaga murya, ba ma bin wanda ya riga zuwa. Wanda zai mutu in an bar shi muke bi."

Ta miƙa hannu ta karɓi wayar ƙanwar. Saƙonni ɗari da wani abu ne ke jira.

"Ga masu yatsanki nan," ta ce. "Waken kuma shi ne tsohuwarki. Bai iya kira ba, bai iya fushi ba, shi ya sa kika bar shi."

Ba-Matsala ta sunkuyar da kai. Kunya ta kama ta, don ta san gaskiya ce.

Yaya ta juya bayan wata tsohuwar takarda ta ce ta rubuta duk abin da ke kanta. Aka samu abu ashirin da uku. Yaya ta zaro jan biro daga aljihun rigarta, ta riƙa bin su ɗaya bayan ɗaya da tambaya biyu: in ba a yi shi yau ba, me zai lalace? Kuma in ba ke ba, akwai mai iya yi?

Da suka gama, abu uku kacal aka zagaye da ja: waken, karatun jarrabawa, sai na ukun da Yaya ta ƙara da hannunta, wato abinci da barci. Bakwai za su iya jira zuwa yamma ko ƙarshen mako. Sauran goma sha huɗun duk aikin wasu ne.

"Yaya, za su ce na canza."

"Za su ce mana. Mai yatsa ma ya ce sai an kore ni. Ga shi can an ɗinke shi ya tafi ko sallama babu, kuma bai mutu ba. Batun ƙirƙirar lambobi kuwa, kada in sake ji. In na rubuta awon da ban yi ba a katin majinyaci, kin san abin da zai faru."

Ranar Litinin Ba-Matsala ta sake cika robobi sittin, ta shuka. Ta kafa wa kanta doka: daga bakwai zuwa tara na safe wayarta tana cikin jaka, jakar kuma tana rataye a ƙusar bakin ƙofa. Kowace safiya, kafin ta fita daga ɗaki, sai ta rubuta ayyukan ranar ta zagaye na ja.

"A'a" ta farko kamar za a cire mata haƙori. Wani ɗan rukuninsu ne ya zo da rabonsa na aiki, yana murmushi kamar kullum.

"Ba zan iya ba," ta ce. "Amma in ka rubuta, ranar Asabar zan duba maka shafi biyu."

Ya tsaya yana kallonta kamar bai gane yaren ba. Kafin sati ya zagayo an canza mata suna, an koma kiranta Akwai-Matsala. Abin ya yi mata zafi kwana biyu. A rana ta uku ta lura kanta ya daina sarawa, sai ta ce su kira ta duk abin da suka ga dama.

Babban gwajin ya zo a kwana na talatin da uku, ranar da ƙungiya za ta tafi ziyarar kwana biyu zuwa wata babbar gona. Ita ta tsara tafiyar tun farko. Shugaba ya same ta a gidan renon ana gobe tafiya.

"Sakatariya, ba ke ba tafiya. Ke kika san masu masauki, ke kika san direba. Ki roƙi wani ya zuba musu ruwa, awon kwana biyu kuma ki cike daga baya."

"Ba zan je ba, Shugaba."

"Saboda wake?"

"Saboda wake."

Ta buɗe jaka ta fito da fayil ɗin tafiyar, komai a rubuce, har lambar direba. Ta ce a ba mataimakiyarta, wata yarinya mai shiru-shiru da shekara guda ba a taɓa bari ta yi komai ba. Shugaba ya ce za ta gani, tafiyar nan in ta watse alhakin yana wuyanta.

Washegari motar ta tashi ƙarfe shida, Ba-Matsala kuma tana tsugunne gaban robobinta ƙarfe bakwai. Tana ƙirga ganyen layi na biyu ta juya wani, sai ta ga ƙananan ƙwari sun yi cincirindo a ƙarƙashinsa. Ta duba na gaba, haka. Daga sama ganyen kore shar, ba wanda zai ce akwai wani abu. Mai zuba ruwa kawai ba zai taɓa gani ba.

Ta je ta kira Malam. Ya duba, ya ce da an ƙara kwana biyu da layin nan ya tafi. Suka yi feshi a ranar, ta rubuta komai a littafi.

Masu ziyara kuma suka dawo lafiya, ana ta yabon mataimakiyar. Jama'a, wannan ya ɗan sosa ran Ba-Matsala. Ashe duniya tana tafiya ba da ita ba! Daga baya sai ta ji kamar an sauke mata dutse daga ka.

A kwana na arba'in da biyu ta yi awon ƙarshe. Da yake kullum da yamma tana rubuta shafi ɗaya, kwana huɗun haɗa rahoto har sun yi mata yawa.

Ranar kare bincike, malamin da aka gayyato daga wata jami'a ya ture kyakkyawan rahotonta gefe.

"Ina littafin awo?"

Ta miƙa masa. Littafin ya sha taɓo, gefensa ya kumbura da ruwa, wani shafin har da sawun yatsa. Ya yi ta buɗawa, sannan ya tsaya.

"Me ya sa layi na biyu ya rage girma daga kwana na talatin da uku?"

Ba-Matsala ta gyara tsayuwa. Ta faɗa masa irin ƙwarin, da inda ta same su, da maganin da aka fesa, da kwanakin da waken ya ɗauka kafin ya farfaɗo. Ko takarda ba ta duba ba, don a gaban idonta aka yi. Baƙon malamin ya rufe littafin ya ce ba shi da sauran tambaya.

Shugaba ne ya shiga bayanta. Masararsa a takarda kullum girma take daidai wa daida, ba ranar da ta yi ko tuntuɓe. Da aka nemi littafin awonsa, sai ga shi fes, biro ɗaya daga farko har ƙarshe. Aka ce ya dawo baɗi ya shuka ta gaske.

Da yamma Ba-Matsala ta rungumi roba ɗaya da ta fara fure ta tafi asibiti. Ta ajiye ta a teburin ɗakin hutu.

"Yaya, ga tsohuwar tawa. An sallame ta."

Yaya ta yi dariya har da hawaye, ta rungume ta. Suna cikin haka wayar ƙanwar ta fara ruri a jaka. Ta leƙa ta ga mai kiran, ta mayar, ta jawo kujera ta zauna.

"Ba za ki ɗauka ba?"

"Tunda yana da ƙarfin kira, Yaya, zai iya jira. Ba ni abinci tukuna."

Darasi: Ba duk abin da ke ɗaga maka murya ne ya fi muhimmanci ba. Karatunka da lafiyarka ba sa kiran waya, a shiru suke lalacewa. Kowace safiya ka tambayi kanka wane aiki ne zai mutu in ka bar shi yau, ka fara da shi, kuma ka koyi cewa "a'a" ba tare da jin kunya ba. In kun san ɗalibin da ayyuka suka yi wa yawa, ku tura masa wannan labarin tun wakensa bai bushe ba.