Sarkin Ruwan da Ya Kau da Kai

A wani ƙauye na bakin tafki an yi wani mutum wanda dattawa suka naɗa sarkin ruwa. Aikinsa shi ne tsare dokar tafkin, dokar kuwa kashi biyu ce. Daga saukar ruwan fari har a yanke gero ba mai jefa taru, gama lokacin ne kifi ke zuba ƙwai. In kuma an buɗe su, wato kamun kifi, duk tarun da za a shiga da shi sai sarkin ruwa ya zura yatsunsa uku a idon tarun. In ba su shige ba, tarun ya koma gida, domin ƙananan kifi su sami hanyar fita su girma. Da haka kakanninsu suka ci, suka bar wa na baya.

Mutumin nan yana da kirki, kowa ya shaida. Sai dai kirkin nasa irin wanda ba ya iya duban idon mutum ya ce a'a ne. Yana jin daɗi ƙwarai in ya wuce ya ji ana yabonsa a baya.

Wata shekara damina ta yi jinkiri, abinci ya ƙare a gidaje da dama tun gero bai fid da kai ba. Ran nan da hantsi ƙanensa ya same shi a bakin tafki, da wani abu naɗe a hammata. Ya durƙusa ya gaishe shi, ya faɗa masa yau kwana biyu ba a ɗora tukunya a gidansa ba. Sa'an nan ya warware abin, sai ga gidan sauron da iyalinsa ke kwana ciki. Ya roƙa a bar shi ya ja sau ɗaya tak.

Sarkin ruwa ya dubi gidan sauron. Ko tsinken tsintsiya da ƙyar zai ratsa idonsa, balle yatsu uku, kuma ya san sarai abin da zai kwaso. Amma da ya dubi fuskar ƙanensa sai zuciyarsa ta karaya. Ya ce a ransa, tafki mai faɗi haka, me ja ɗaya zai rage masa?

Ya ce, "Ni dai zan zagaya gona. Abin da ban gani ba, ba ni da shari'a a kansa."

Ya tafi abinsa yana ganin ya yi aikin jinƙai.

Ƙanen ya ja, ya kwaso ƙwai da 'ya'yan kifi waɗanda ba su kai ɗan yatsa ba, ya cika kwando. Matan da suka zo ɗiban ruwa kuwa suka gani. Kashegari mutum uku suka iso, kowa da gidan sauronsa. Sarkin ruwa ya buɗe baki zai hana, sai babbansu ya tambaye shi cikin ladabi ko yunwar gidan ƙanensa ta fi ta gidajensu zafi. Sai ya sake zagayawa gona. A wannan damina ba gonar da ta sha zagaye kamar tasa.

Aka yanke gero, ranar buɗe su ta zo. Aka buga ganga, mata suka tara itacen banda da gishiri, gama kifin wannan rana shi ke riƙe garin har ƙarshen rani. Sarkin ruwa ya tsaya a bakin gaɓa yana zura yatsu uku a kowane taru, bisa ga al'ada. Maza suka shiga tun safe, suka ja gabas, suka ja yamma, har rana ta take tsaka. Abin da suka fito da shi laka ce da kwaɗi, da 'yan tarwaɗa da ba su cika kwando biyu ba. Makaɗi ya sauke gangarsa. Mata suka ɗauki itacensu suka koma da shi yadda suka kawo.

Kunya da fushi suka cika sarkin ruwa. Ya ja ƙanensa gefe, ya ce masa shi ne mafarin wannan masifa.

Ƙanen ya sunkuyar da kai, ya ce, "Ni ne, Yaya, ban musa ba. Amma ran da na zo wurinka, ba kifi ne ya dame ni ba, abin da iyalina za su ci nake nema. Rumbunka biyu cike suke da dawa. Da ka ce mini a'a, ka ɗebo mini ko kwano biyar, da na koma gida ina godiya. Sai ga shi ka riƙe naka, Yaya, ka ba ni na mutane."

Kafin wata ya mutu, gida goma sha ɗaya sun tashi neman abinci a wata ƙasa, gidan ƙanensa kuwa yana cikinsu.

To, 'yan'uwa, ga abin da misalin nan yake koya mana. Tafkin shi ne duk abin da Ubangiji ya ba mu amana mu ci tare: ruwa, da kurmi, da ƙasar noma, da makiyaya. Dokar ita ce iyakar da jama'a ko hukuma ta sa domin kada mu cinye rabon gobe a yau. Sarkin ruwa kuwa shi ne duk wanda aka danƙa wa tsaro, ko mai unguwa ne, ko dattijon ikkilisiya, ko ma'aikacin gandun daji, ko maigida a gidansa.

Mutumin nan yana ba ni tausayi, gama ba mugu ba ne, kuma na sha ganin halinsa a cikina. Ya ɗauka hanya biyu ce kawai gabansa, ya hana ko ya bari. Ta uku, wato ya hana sa'an nan ya ciyar, ita ce za ta taɓa rumbunsa, shi ya sa bai gan ta ba. Doka ba ta tsayawa da tsawa kaɗai. In an ce kada a sare itatuwan kurmi a yi gawayi, sai masu iko su nema wa mai gawayi wata sana'a, mu kuma da muke da ɗan abin hannu mu tallafe shi har ya tsaya da ƙafarsa. In muka ƙi, yunwa za ta karya dokar, mu kuma mu kau da kai mu kira wannan jinƙai.

Saboda haka in mabukaci ya zo maka, ka ba shi daga abin da yake naka. Waɗanda ba a haifa ba tukuna ba su da bakin kai ƙara a gaban kowa, amma Ubangiji ya san rabonsu, kuma a hannunmu zai neme shi.