Ƙwaron da Ke Wuyan Sarki

A wani zamani mai tsawo da ya shuɗe, a birnin Dalmaru da ke bakin teku, an yi wani sarki mai suna Nakande, wanda Allah Ya ba komai sai kwanciyar hankali. Duk shekara wata guguwa baƙa wuluk takan taso daga Dutsen Aljannu, ta yaye rufin ɗakuna, ta buɗe rumbuna da akwatuna kamar mai neman abin da ya ɓata. Bana kuwa ta rushe rabin ganuwa, kowa ya san baɗi sai birnin gaba ɗaya.

Sarakunan Dalmaru suna da wani dutse na gado, ƙaron itace ne da ya daskare tun kafin a halicci ɗan Adam, launinsa kamar zuma, a cikinsa ga wani ƙwaro mai shuɗin fiffike, ko ƙafa ɗaya bai rasa ba. Sun yi imani shi ke tsare su, ba su taɓa tambayar abin da ya tsare ba. Da Yarima Jatau, ɗan sarki, ya ɗaura niyyar zuwa ya roƙi Sarkin Aljannu, sai uban ya cire dutsen daga wuyansa ya rataya masa.

Yarima ya ƙetare jeji da hamada, ya durƙusa gaban Barƙusu Sarkin Aljannu, ya ce, "Ranka ya daɗe, me muka yi maka?"

Barƙusu bai ko ji shi ba. Idonsa na kan dutsen da ke ƙirjin Yarima.

Ya ce, "Ɗan Adam, 'yata kuke ratayawa a wuya?"

Ashe tun duniya na kurmi, gimbiya Zubaina ta rikiɗa ƙwaro don wasan ɓuya, ta sauka jikin itace, ƙaro ya malalo ya rufe ta. Kukanta uban ke jiyowa a iska, shi ya sa yake birkice gari.

Barƙusu ya huro numfashinsa mai zafi, dutsen ya narke, sai ga budurwa tsaye tana dariya.

Ta ce, "Baba, ka gan ni! Ina Inna? Ta ce in dawo kafin tuwo ya huce."

Aljanin da ya rushe ganuwa ya rungume 'yarsa yana hawaye, don uwar ta daɗe a kabari. Abin tausayi, wallahi.

Guguwa ta kwanta, aka gyara birni. Zubaina ta ce ba ta son kowa sai wanda ya kai ta gida, aka ɗaura aure. Ranar biki matan fada suka fito da sarƙoƙinsu na irin wannan dutse, kowace tana taƙama. Amarya ta kama sarƙar uwar miji, ta ɗaga wa rana, sai murmushinta ya ɗauke.

Ta ce, "Wannan tururuwar ƙawata ce. Wancan sauron ɗan baffana ne. Ba ni kaɗai na ɓuya ba, kuma kowannensu yana da uban da bai daina nema ba."

Kiɗa ya tsaya cak. Sarki Nakande ya miƙe, ya ce, "A kira mini surukina, ya zo da numfashinsa." Mata kuwa tuni suka hau tsinke sarƙoƙi daga wuyansu.