Sunan Ɗan Farin Farfesa

Farfesa Ɗanladi, malamin fassara, ya rubuta doka a allo: duk ɗalibin da ya sauya kalma ɗaya saboda al'ada ya faɗi jarrabawa.

Wata ɗaliba, Ladidi, ta miƙe. "Malam, a gwada mana mu gani."

Ta rubuta jimla da Turanci mai ɗauke da sunan Nafi'u, ɗan farin Farfesa, wanda alkunya ta hana shi ambata.

Farfesa ya yi gyaran murya. "Yaron nan ya tafi kasuwa."

"Wane yaro, Malam? Ni suna na rubuta."

"Ke, ba a faɗa!"

"To, Malam, in miƙo maka jan biro?"

Farfesa ya ɗauki tsumma ya goge allon, har da dokar.