Gizo da Idon Rafin Kanya

"To, ga ta nan, ga ta nanku. Ku matso, yau ba ni da ƙarfin ɗaga murya."

"Ta zo mu ji ta, Iya!"

Wata shekara rani ya yi tsawo, Rafin Kanya ya ƙafe, sai yashi. Mai son ruwa sai ya tona yashin kamu biyu, ya jira ya tsatso. Aiki ne mai cin baya, ni na sani.

Ƙoƙi ta ce wa mijinta, "Malam, yara ba su sha ruwa ba tun jiya. Ga fartanya."

Gizo ya ce, "Ni da tono? Can inda rafin nan ya faro zan je, in ɗebo mai sanyi."

Ya rataya gora ya bi yashi ya yi gabas. A mashaya, inda shanu ke ƙetarewa, ya tarar da Belbela.

"Ina idon rafi?"

"Da nisa. Tona nan, ruwa na ƙarƙashinka."

"Farar banza," in ji Gizo, ya wuce.

Kashegari ya kai fadama, inda rafin ya yi gwiwa ya kewaye gonar rake. Kwaɗo ya leƙo daga rami.

"Ina idon rafi?"

"Da saura. Tona nan mana."

"Mai kwana cikin laka zai koya mini shan ruwa?"

Rana ta uku rafin ya tsuke, ya zama 'yar kwata tsakanin duwatsu. Ƙafafun Gizo takwas duk sun yi bororo. Ya iske Kunkuru a gindin dutse.

"Baba, ina idon rafi?"

"Ga shi bisa kanka."

Gizo ya ɗaga kai. Wata 'yar tsaga ce ke ɗiga, ɗis, ɗis.

"Wannan ne?"

"Shi ne. Kowane rafi da ɗigo ya fara, a hanya yake tara sauran."

Yini guda ya yi kafin gora ta cika. Ya juyo. A duwatsu ya kurɓa, a fadama ya kurɓa, a mashaya ya ɗaga gora ya girgiza, ko ɗigo babu.

Ya shigo gida yana jan ciki. "Ƙoƙi! Ƙoƙi!" Shiru. Maƙwabciya ta ce, "Ta gaji da jira. Ta tona da hannunta ta shayar da su, ta kwashe su sun tafi garinsu. Ta ce kada ka biyo."

Wallahi har ni yana ba ni tausayi. Shi ya sa duk ɗakin da mutane suka tashi, za ku ga Gizo a kusurwa shi kaɗai, yana jira.

Wanda ya guji wahalar yini ɗaya zai sha ta kwana shida, ya kuma rasa waɗanda ya fita dominsu. Ƙurunƙus kan ɗan kusu. Lanti, miƙo mini sandata.