Biyayyar Baba Irmiya

A wani ƙauye gidan dagaci na jikin coci, shi kuwa barcin safiyar Lahadi ya fi masa wa'azi daɗi. Rannan ya kira Baba Irmiya, tsohon da ke buga ƙararrawar sujada.

"Ba Fasto ya koya muku yi wa hukuma biyayya ba?"

"Ya koya mana, ranka ya daɗe."

"To, ni ne hukuma. Ban hana bugawa ba, kada a ce na hana ibada. Amma duk ranar da ƙarfen nan ya sake tashina daga barci, maƙeri zai mai da shi fartanya."

Ran Lahadi da sassafe Baba Irmiya ya je ya yi ta dukan ƙyauren dagaci da sandarsa, har ya fito ido jajir.

"Lafiya?"

"Lafiya lau, ranka ya daɗe. Ka farka sarai?"

"Ba ka gani ne?"

"Madalla. Bari in je in buga, yanzu ba ƙararrawa ce ta tashe ka ba. Haka zan riƙa zuwa duk Lahadi, ai biyayya ce. Tunda kuma ka tashi, kujerarka na nan a gaba, mun share mata ƙura."