Jakadan Giwa Mai Ƙaya

Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo, kunnuwanmu a buɗe!

Bushiya ce ke mulkin garinta, ta toshe ƙofar gari, ba shiga ba fita. Ranar da dabbobi suka taru don rabon ruwan tafki ta fito tana hura hanci: "Rabi nawa ne! Giwa ma tsorona take ji, ga jakadanta ya kawo gaisuwa."

Jakada ya matso cikin babbar riga da ƙaton rawani.

Dila ya ce, "Sannu da hanya, ɗan Giwa." Sai ya daka tsawa: "Kura!"

Nan take jakada ya dunƙule, rawani ya faɗi, ƙaya ta bayyana. Ashe ƙanen Bushiya ne! Ita ma tuni ta dunƙule.

Dabbobi suka fashe da dariya. Dila ya ce, "Ranki ya daɗe, rabin naki a cokali za a zuba?"

Ƙurunƙus, kan Bushiya ya shige ciki!