Bahaguwar Da Ta Ƙi Juya Hannu

Ƙawata Asabe, ajiye wankin nan ki matso, ke da sauran masu bin shafin nan.

Akwai wata mata a garinmu nan lardin Manitoba na ƙasar Kanada, sunanta Loretta Kowalchuk, tsohuwar direbar motar 'yan makaranta. Bahaguwa ce, mijinta Stan ma bahago ne, haɗin Allah. Da ya rasu ya bar mata jakar sandunan buga ƙwallon golf irin waɗanda ake ƙera wa bahagwai. Ya kuma bar gurbi a cikin abokansa su huɗu da ke buga gasar cocinsu duk watan Agusta.

Loretta ta ce ita za ta cike gurbin, kuma da sandunan mijinta. Ga shi ko sau ɗaya ba ta taɓa bugawa ba.

Walt, aminin marigayin, ya sosa ƙeya. "Loretta, ba ƙi muka yi ba. Amma in Agusta ta zo ba ki iya ɗaga ƙwallo daga ƙasa ba, surukina zai shiga."

"Surukin naka ya nemi kujera ya zauna," in ji ta.

Kowa ya ce ta je wurin Brett Halvorsen, kocin da hotunansa suka cika bangon kulob. Ta je. Ya zaro sanda ɗaya daga jakarta, ya juya ta, ya yi murmushi.

"Kaka, wannan ai kayan tarihi ne. Ni da dama nake koyarwa. Tunda ba ki taɓa bugawa ba, babu abin da za ki rasa. Mu juya ki dama, ki sayi sababbin sanduna, ki sa hannu a darasin bazara gaba ɗaya."

"A fara da gwaji ɗaya tukuna, in ga koyarwarka."

"Ni ba a gwada ni. Dubi bango."

"Na duba. Bangon ne zai koya mini?"

Mazan da ke shan kofi a gefe suka ƙyalƙyale. Brett ya haɗe rai. Loretta ta karɓe sandarta, ta goge ta da bakin riga.

"Ɗana, ina 'yar firamare wata malama ta ɗaure mini hannun nan a jikin kujera, wai sai na koma dama. Malamar ta riga mu gidan gaskiya. Hannun ga shi nan."

"In kin gama yawonki kya dawo."

"In ka gan ni nan, kofi na zo sha."

Faɗa da baki ba wuya. Kwanaki suka yi ta tafiya ba ta da malami. Ta gwada wani, rabin darasin yana kan waya. Walt ya kira yana tambaya, ta ce masa da sauran lokaci. Ta dai kai kukanta ga Allah, ta ci gaba da nema.

A filin golf na garin maƙwabta ta ji labarin wata koci, Denise Lavallee. Loretta ba ta yi mata magana ba sai da ta tsaya bayan shinge ta kalli yadda take koyar da wani dattijo. Ta ga ba ta yi masa tsawa, ba ta kuma yi masa ƙarya. Sannan ta nemi gwaji.

Denise ta ce, "Nuna mini yadda kike riƙe shebur in kina kwashe dusar ƙanƙara." Ta nuna. "Shi ke nan, jikinki ya riga ya zaɓa."

Sai ta zo ta tsaya gabanta, fuska da fuska. "Ni da dama nake bugawa, kin ga kin samu madubi. Abin da kika ga na yi, yi."

Loretta ta kai duka, ƙasa ta tashi.

"Ciyawa ta ji jiki," in ji Denise, "amma ƙwallon yana nan lafiya lau. Sake."

Ran nan Loretta ta sa hannu a darasin Denise. Ta ƙare bazarar tafin hannunta duk ya yi kanta, ga cizon sauro.

Ana saura mako gasa, Walt ya kira ta kulob a ga ko ta iya. Surukinsa na tsaye da jakarsa a kafaɗa, Brett ya fito ya harɗe hannu.

Ta ɗaga sandar Stan, ta kai duka. Sai ta doki iska, ƙwallo ko motsi.

Walt ya yi maza ya ce, "Wannan ɗumama jiki ne, ba ma ƙirga shi."

"Ƙirga shi. Niyyar bugu na yi. Ba na son gurbin tausayi."

Ta gyara tsayuwa, ta sake. Ƙwallo ya tashi, bai yi nisa can ba, amma ya miƙe sak ya sauka tsakiyar fili. Walt ya daɗe yana kallon inda ya faɗi, ya ciro hankici ya ce wai sauro ne ya faɗa masa ido. Sannan ya juya wurin surukinsa.

"Mayar da jakar nan mota."

Darasi: Kafin ka miƙa kanka ga malami, gwada shi, ka ga ko zai gina a kan abin da Allah ya ba ka, ko sai ya rushe ka don sauƙin kansa. Ku tura wa wanda ke shirin sa hannu. Ke kuma Asabe, don Allah kada ki gaya wa kowa daga bakina ya fito, mahaifiyar Brett maƙwabciyata ce, kuma mutuniyar kirki.